Ƙyallen Rabi Bai Kashe Na'urar Kowa Ba

Na san abin da ake gaya muku a ɗakin Innarku in na fita masallaci. Ana ce muku Babanku mutum ne mai zafin kai, ya kori ɗansa na fari a kan akwatin wasan yara. Ku ƙanana da ba ku yi wayo ba a shekarar, haka kuka tashi kuka tarar da zancen, kuka haɗiye shi yadda aka ba ku. To ni ban kori kowa ba, kuma ba a kan akwati aka yi ba. Zafin kai kam ina da shi, ban taɓa musu ba. Zan faɗa muku yadda aka yi tun daga tushe. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya hau mota ya je Roni ya tambaya, waɗanda aka yi abin a gabansu ba su mutu duka ba.

Kun san shagona na bakin kasuwar Kazaure. A cikinsa na tsufa, daga gyaran rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa talabijin irin ta da mai ƙaton baya. Doka ɗaya na kafa wa kaina tun ina saurayi, da ita aka san ni har Babura da Gwiwa: abin da na gyara ba ya barin shagona sai ya wuni a kunne. Ba kunnawar safe nake nufi ba, lokacin da gari ke da sanyi kowane mataccen abu yana iya yin motsi. Sai ya ratsa azahar zuwa la'asar a ƙarƙashin kwanon rufin nan, babu fanka a kansa, in ya fita da ransa sannan in miƙa wa mai shi. Mutane sun sha zagina a kan haka. Mutum ya taso daga Yankwashi a kan babur, ya ga rediyonsa na magana raɗau, in ce masa ya dawo gobe. Ya yi ta ƙunƙuni ya tafi, amma in wani abu ya sake lalace masa wurina zai kawo.

A kan bencin shagon nan Yayanku ya tashi. Kun san al'adarmu, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ni ma ban taɓa kama nasa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Magaji nake ce masa, don na sa rai shi zai gaje ni a kujerar, har mutanen kasuwa suka ɗauka shi ne sunansa na yanka. Kuma kada wani ya ce muku na raina hannunsa. Wallahi hannun yaron nan ya fi nawa. Zai ɗiga dalma a wurin da idona ba ya ma gani, ya ɗaga ƙarfen ka rantse daga kamfani abin ya fito. Da gidajen gem suka fara yawa a garuruwan nan, inda samari ke zama gaban talabijin suna buga ƙwallo da yatsu, shi ya fara gane kan na'urorin. Ni ban iya buga su ba, ban kuma nemi in iya ba, amma ciki dai ciki ne: fanel ne, wato allon da ake jera ƙananan kayan a kansa, da fanka, da waya, da dalma. Na yi murna da ya sami fannin da zai tsaya da ƙafarsa.

Ciwon na'urorin nan ɗaya ne, zafi. A tsakiyar fanel akwai wata babbar aisi, ita ce ƙwaƙwalwar abin, tana zaune a kan ƙananan ƙwayoyin dalma masu kama da ƙwayar gero. In na'ura ta yi shekaru tana ɗaukar zafi tana hucewa, ƙura ta toshe hanyar iska, man da ke tsakanin aisi da ƙarfen sanyaya ta ya bushe, sai ƙwayoyin nan su tsattsage. Rana ɗaya ana cikin wasa fankarta za ta yi ta gurnani, ta yi ɗan kuka, fitilarta ta koma ja, shi ke nan. Gyaran gaskiya sai an ɗaga aisin gaba ɗaya an sake mata dalma, da injin da babu mai shi a ƙasarmu, kuma ko an yi hakan ba kowace ce ke daɗewa ba. Amma akwai hanyar 'yan sauri. A ɗauko bulowa, bindigar iska mai zafi ta masu gyaran waya, a gasa aisin har dalmar ta ɗan yi laushi ta manne. Na'ura za ta tashi tangaram kamar ba ta taɓa ciwo ba. Tsagar tana nan a ciki, jira kawai take yi zafi ya dawo.

Wata safiya a farkon sanyin shekarar na shigo shago na ji ƙaurin roba. Na tarar da Magaji ya jibge buhu guda na matattun na'urori da ya kwaso daga Kano, ya kwantar da ɗaya a buɗe yana bin ta da bulowa.

"Magaji, me kake yi wa wannan?"

"Gyara, Baba."

"Gyara ko gashi? Wannan ai tsire kake yi."

Ya yi dariya, ya rufe ta, ya jona, ya juyo da fankar tebur ya saita mata. Hoto ya fito fes.

"Kun gani ko? Haka ake yi ko'ina yanzu, Baba. A waya na gani, har Turawa haka suke yi."

"Kashe fankar. Bar ta ta wuni."

"Haba Baba, wannan ba rediyo ba ce. Zamani ya wuce wurin nan."

"To ka saurare ni da kyau. In za ka sayar, ka gaya wa mai saye cewa matacciya ce ka tasa, tana iya komawa gobe. In ba za ka iya faɗar haka ba, kada in sake ganin buhun nan a shagona."

Ya ce to. Washegari buhu ya ɓace, na ce alhamdu lillahi, yaro ya ji magana. Ashe ɗakinsa na soron gida ya mayar da aikin. Duk tsawon sanyin nan yana gasawa, yana ɗaure su a bayan babur, yau Babura, gobe Gwiwa. Kuma abin da ya fi ƙona min rai da na ji daga baya, duk inda ya je sai ya ce daga shagon Baba suke, sun wuni. Mutane ba su tambaye shi komai ba, don sun san abin da kalmar nan take nufi a bakina. Lokacin sanyi ne, gari na taimakon maƙaryaci, babu wadda ta yi ko tari.

A cikin masu sayen har da Nasiru, mijin Yayarku Rabi, can Roni. Yaro ne mai kunya, acaɓa yake yi, ya gaji da hanya ya sayar da babur ɗinsa ya buɗe gidan gem a shagon da ke jikin gidansu. Da labari ya zo min cewa wurin Magaji ya ɗauki na'urori biyu, na tare Magajin a ƙofar gida na tambaye shi ko cikin na buhun nan ne. Ya dube ni ido cikin ido ya rantse da Allah cewa lafiyayyu ne, ba a taɓa kwance su ba, ya ce yaya za a yi ya cuci gidan ƙanwarsa. Ɗana ya rantse min da Allah, sai na bar maganar.

Sai bazara ta shigo. Kun san zafin ƙasar nan in ya tashi, duwatsun Kazaure kansu huci suke yi, ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a wuta. Wani mai gidan gem daga Babura ya fara zuwa, da na'ura a cikin buhun siminti, ya dire min ita a kan benci ko sallamar kirki babu. Ya ce shekara nawa yana jin sunana, ashe ni ma na bi sahun 'yan damfara. Ni! A gaban maƙwabtana na kasuwa! Na ɗauki sukundireba na kwance ta. Ina ɗaga marfi na ga aikin ɗana. Fanel ɗin da ya kamata ya zama kore ya yi ja-ja-ja a kewayen aisi kamar ƙanzon tukunya, wata 'yar roba a gefe ta narke ta lanƙwashe. Kafin mako ya zagayo na Gwiwa ma ya iso da tasa. Magaji kuwa ya zama baƙon gida, ya fita tun asuba, in na kira wayarsa ta yi ta ƙara ba ya ɗauka. Na ba mutanen haƙuri, na ce su bar min kayan, ni zan ji da ɗana. Har lokacin ina ganin magana ce ta cikin gida, tsakanina da shi.

Ranar wata Laraba na dawo cin abincin rana na tarar da Rabi a tsakar gida, goyo a bayanta, jakar kaya a gefe, idanu sun kumbura. Ku da kuka san ta yanzu ba ku san Rabin da ba. Yarinya ce mai hannu, tun tana 'yar firamare kwarashi ba ya barin yatsunta. Duk wani abu mai daraja a ɗakin Innarku, rediyo, fulas, talabijin, sai ta saƙa masa ƙyalle mai fure ta lulluɓe, kamar yadda mata ke yi don ƙura da ado. Da ta yi aure ta tafi da halinta. Nasiru, don tsoron ɓarayi, in ya tashi daga shago sai ya kwashe na'urorin ya kai ɗakinta su kwana. Ita kuma ta ga abin da mijinta ya sayar da babur ya saya, abincin gidansu ke nan, ta zauna ta saƙa musu ƙyalle fari da shuɗi, kowace da nata, tana rufe su in an ajiye. Don ƙauna ta yi. Da na'urorin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, Nasiru ya kira Magaji. Ya je, aka fito masa da su daga ɗaki da ƙyallen a kansu. Yana ganin ƙyallen ya sami mafita.

Rabi ta faɗa min maganarsa tana shessheƙa.

"Cewa ya yi, Baba, wai ni na kashe su. Wai ina rufe su da zafinsu, zafin ya rasa hanyar fita ya koma ciki ya dafa su. A gaban Hajiya ya faɗa. Ya ce ai ya ba da kaya lafiya, ƙauyancin mata ne ya jawo."

"Shi Nasirun me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Hajiya ce ta ce tun da na shigo gidan arziki ke gudun ɗanta, ga babur ya tafi, ga sana'a na kashe da kwalliyar banza. Ta ce in zo gida in huta sai an neme ni."

Hajiya ita ce mahaifiyar Nasiru, kuma duk wanda ya san gidan ya san ita ke yanke magana. Ku kuma kun isa ku san abin da je ki gida sai an neme ki yake nufi. Igiyar aure ce ke lilo, ga jaririya ko zama ba ta fara ba.

Ku tsaya in gaya muku gaskiyar sana'a, don kada wani mai wayon waya ya ruɗe ku. In aka rufe na'ura da ƙyalle tana aiki, lalle za ta illata, wannan ba musu. Amma na'urar da aka kashe, aka zare daga wuta, aka ratsa tsakar gida da ita a hannu, ko bargo goma ka lafta mata babu abin da zai same ta. Zafin da ya rage a jikinta bai kai na kofin shayi ba. Magaji ya san wannan sarai, a hannuna ya koya. Da saninsa ya ɗauki laifinsa ya ɗora a kan ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, don ya san ita ba ta san aisi ba, ba za ta iya kare kanta ba. Har ta fara yarda ita ta yi! Tana ce min da ta sani da ba ta saƙa ba. Tir da wannan hali, Allah wadai.

Da magariba na ritsa Magaji a soro yana shigo da babur. Na ce gobe ya je Roni ya faɗa wa Nasiru da Hajiya gaskiya da bakinsa, ba sai kowa ya ji ba, ni zan san yadda za a yi da sauran.

"Baba, in na faɗa na mutu a kasuwa. Babu mai sake ba ni ko caja in gyara."

"Ita kuma ƙanwar taka fa?"

"Ai ba sakinta aka yi ba. Kwana biyu za su huce su zo biko. Mata ai sun saba."

Mata ai sun saba. Har in koma ga Allah ba zan manta da maganar nan ba. Na dafa bango don kada in ɗaga masa hannu, abin da ban taɓa yi ba tun ya zama saurayi. Na shiga ciki, Innarku ta biyo ni ɗaki, ta ji komai ta bayan labule.

"Malam, don girman Allah ka rufa wa yaron nan asiri. An sa ranar aurensa bayan Sallah. In maganar nan ta fita gidan yarinyar za su fasa."

"Rabi ba 'yarki ba ce?"

"'Yata ce mana. Ni zan je in durƙusa wa Hajiya, in ce yarinta ce, a yafe mata. Za ta koma ɗakinta, magana ta mutu."

"Ta koma a matsayin me? Wadda ta kashe wa mijinta sana'a? Duk ranar da babu cefane a gidan nan da ita za a yi gori har ta tsufa. Ki ba da haƙuri a kan laifin da ba ta yi ba?"

"Namiji sunansa ne jarinsa, Malam. Mace kuwa haƙuri."

Ban ga laifinta a kan son ɗanta ba, uwa ce. Amma har Rabi ita ma ta zo ƙofar ɗaki ta durƙusa tana cewa in bari, ita ta yafe. Gida guda ya haɗu a kan a binne yarinya da ranta don a tsira da sunan namiji. Kowa na lallashina kamar ni ne mai laifi.

Da safe na ɗauki jakar kayan aikina, na saka na'urar mutumin Babura a buhu, na ce wa Magaji ya kai ni Roni a babur ɗinsa. Ya ɗauka biko za mu je nema. Kun san ba ƙaramin abu ba ne uban mace ya taka gidan surukinsa ba suna ba rasuwa, shi ya sa muna isa unguwa ta ɗauka. Nasiru ya fito a rikice ya zube yana gaisuwa, ya shimfiɗa min tabarma a shagon, talabijin biyu a bango sun yi shiru. Samarin da suka saba wasa a wurin suka taru a bakin ƙofa, dattawan maƙwabta biyu suka shigo don girmama ni. Hajiya ta tsaya a bayan ƙofar da ta haɗa shagon da gida. Allah shi ne shaidata, niyyata in kwance na'urar in nuna wa Nasiru a hankali, in bar wa Magaji ƙofa ya ce kuskure aka samu. Har a kan hanya sai da na ce masa ga dama ta ƙarshe, ya yi kamar iska ta hana shi ji.

Na ce a kawo min na'urorin. Nasiru ya kawo, da ƙyallen a hannu ɗaya, ya ajiye shi a gefe kamar abin ƙazanta. Kafin in taɓa sukundireba Hajiya ta yi magana daga bayan ƙofa.

"Malam, da ba ku wahalar da kanku ba. Ai ɗanku ya riga ya faɗa mana abin da ya faru. Mu ba mu ce ba ta da tarbiyya ba, amma ɓarna dai ta yi ta."

Na juya na dubi Magaji. Na jira. Wallahi na jira shi ya faɗi gaskiya. Sai ya gyara murya, ya murje ido, ya ɗauki ƙyallen ya ɗaga wa mutane.

"Gaskiya ne, Hajiya. Wannan ne ya toshe su. Na sha gaya wa mutane, mata ba su san darajar kayan lantarki ba."

A nan ne na kira shi. Sunan da na rufe bakina a kansa tun ranar suna, shi ya fito da ƙarfinsa har samarin ƙofa suka ja da baya.

"Sanusi! Ƙarya kake yi!"

Ya saki ƙyallen. Bai taɓa jin sunansa a bakina ba, ya tsaya yana kallona kamar wani baƙo ne ya shigo. Dattawan nan suka sunkuyar da kai, don sun san abin da ake nufi in uba ya kama sunan ɗan farinsa a bainar jama'a. Ni kuwa na kwance na'urar Nasiru, na kwance ta biyun, na zazzage ta Babura daga buhu na jera su. Na ce Nasiru ya matso ya duba da idonsa. Ƙuna iri ɗaya, a wuri ɗaya, roba ta narke a gefe ɗaya. Na ce wannan ta ukun daga Babura take, a shagon gwauro, ba ta taɓa ganin ƙyalle ba, wa ya dafa ta? Na ce zare da kwarashi ba sa narka roba, wuta ce ke narka ta, kuma ga wanda ya riƙe wutar nan a tsaye. Matattu ya sayo, ya gasa su, ya sayar muku da sunana. Na ɗaga murya yadda ta bayan ƙofa za ta ji, na ce 'yata ba ta kashe wa kowa sana'a ba, ɗana ne ya cuce ku, ni na haife su duka biyun kuma na san wanda ya yi.

Sanusi ya ratsa samarin ya fita, na ji tashin babur. A Roni ya bar ni, da jaka da buhu, sai motar haya na hau na dawo. Kafin in iso ya kwashe kayansa daga soro. Aka ce an gan shi a Babura, daga baya aka ce ya tsallaka iyaka, yanzu yana can Damagaram yana gyaran waya, har ya yi iyali. Auren bayan Sallah ya watse kamar yadda Innarku ta faɗa. Ku lura da kyau: ban ce masa fita ba, ban ce kada ya dawo ba, ƙofar soron nan ko sakata ban ƙara mata ba. Yana kiran Innarku a waya, yana aiko mata da turmin atamfa da sefa in an sami mai zuwa. Ni ko gaisuwa.

Nasiru ya zo da kawunsa bayan kwana kaɗan, ya durƙusa a soro har goshinsa na neman taɓa ƙasa, Rabi ta koma ɗakinta da mutuncinta. Hajiya ba ta taɓa ba ta haƙuri ba, amma ba ta sake yi mata gorin ba. Na'urorin kuwa na yi musu abin da zan iya, na share ƙura, na sa sabon mai, na gyara fanka, na gaya wa masu su ƙarara cewa abin da aka gasa ba ya komawa daidai, kada su dogara da shi. Haka kuwa aka yi, kafin damina ta yi nisa duk sun sake mutuwa. Nasiru ya koma acaɓa da babur ɗin haya, a hankali Allah ya buɗa masa. Kujerar da na tanadar wa Magaji a shago har yau babu kowa a kanta, idona ya raunana, rabin aikin da ake kawowa mayar da shi nake yi.

Innarku ta yi wata da watanni ba ta haɗa ido da ni ba. Abin da take maimaitawa, ba tonon asirin ne ya kore shi ba, sunan ne. Wai da ban kira sunansa ba da ya haƙura ya zauna. Wannan na iya ɗauka daga gare ta. Wanda ya fi min ciwo daga Rabi ya zo. Shekarun baya da ta zo wankan haihuwar autanta, na ga hannunta babu kwarashi, na tuna tun shekarar nan ban sake ganin ta da shi ba. Na tambaye ta ko ta daina saƙa ne. Tana jijjiga yaro ta ce:

"Baba, da kun bar ni da laifin nan. Da yanzu Yaya yana gida."

Na tashi na fita, don in na buɗe baki a lokacin zan yi abin da ba shi da kyau. Wadda aka zalunta ita ke jin nauyi, wanda ya yi zaluncin yana can ana aika masa da yaji da kuka ana tambayar lafiyarsa! Shekara da shekaru a gidan nan ana tambayata yaushe zan sauko, yaushe zan kira shi in ce ya dawo. Ban taɓa jin mutum ɗaya, ko ɗaya, ya tambayi yaushe shi zai ɗaga waya ya ce wa ƙanwarsa ki yafe ni ba. Ina kewarsa, kada ku ɗauka dutse ne a ƙirjina. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar shago sai na ɗaga kai. Amma in aka mayar da ni shagon nan na Roni gobe, ya sake ɗaga ƙyallen nan, zan sake kiran sunansa.

Na'urar Nasiru ɗaya tana ƙarƙashin bencina a shago, a kwance, sukurorinta na cikin gwangwanin madara. Ƙyallen fari da shuɗi shi ne wanda kuke gani a kan tsohuwar rediyona, na tsince shi a ƙasa ranar kafin in fito. Duk wanda ya sake ce muku Babanku ya kori ɗansa a kan wasan yara, ku kai shi ya ɗaga marfin ya duba ƙunar, sannan ya shafa ƙyallen ya gaya muku ko zare na iya yin haka. Ranar da Sanusi ya dawo kuma, ko ina raye ko an kai ni, ku buɗe masa ƙofa, gidansu ne. Amma in ya tarar na riga na tafi, ya ce ku raka shi kabarina, kada ku raka shi. Ku ce masa ya fara zuwa Roni.